Daga Ribaɗin Fanisau zuwa Barikin Bukavu: Wa ke Tsaron Arewacin Kano?

A ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, inda tafiya zuwa bakin teku ta doshi kilomita 1,000 a mota, akwai kwalejin sojojin ruwa. An kafa ta a zamanin da Awwal Zubairu Gambo, ɗan Kano, yake babban hafsan sojojin ruwa, wato tsakanin 2021 da 2023. Da labarin ya fita sai da aka sha barkwanci, har da masu tambayar a wane kogi za a riƙa tuƙa jiragen. Ita kuwa kwalejin ba ruwanta da tuƙi. Tana horar da masu kula da kayan aiki ne, da abinci da mai da jigilarsu, aikin da ba ya bukatar ko kududdufi.

Sai dai barkwancin ya taɓo wata tambaya ta gaske. Mene ne aikin sojan Najeriya a yankin da ba shi da teku, ba shi da dajin kirki, kuma tun da aka yanke Jigawa a 1991 ba shi da iyaka da wata ƙasa? Shekara da shekaru manomin Bichi ko Makoɗa bai damu da amsar ba. Soja a wurinsa mutumin birni ne, sai an shiga Kano a gan shi a ƙofar bariki, ko ranar zaɓe a kan titi. A ƙarshen 2025 ne tambayar ta zo har ƙofar gida, lokacin da 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga ƙasar Katsina suna afka wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa.

Duk wanda ya bi hanyar Ɗambatta ko ta Bichi da damina ya san irin wannan ƙasa. Gona tana ƙarewa wata na farawa, ba saura ba fako. Gero da dawa a sama, wake da gyaɗa a ƙarƙashi, gawo da kuka da ɗorawa a tsattsaye, burtali ya ratsa tsakani. Kafin a fita daga jin kiran sallar wani ƙauye an shiga na wani. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya daɗe yana nazarin yadda manoman nan ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da takin da jakuna ke kwasowa daga birni da na dabbobin gida. Irin wannan cika ba ta samuwa sai inda mutane suka daɗe suna kwana da ido biyu rufe, kuma an sha wuya kafin a samu hakan.

Arewa ce ƙofar da masifa ta fi shigowa Kano a ƙarni na 19. A Ɗanyaya, can arewa, aka yi karon da ya karya ƙarfin Sarki Alwali a lokacin jihadi. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon sarauta a 1819, Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a, ya riƙe yankin arewa, aka shafe shekaru ana fafatawa kafin a daidaita a bar masa Kazaure. Baturen nan Clapperton da ya iso Kano a farkon 1824 bai tarar da Dabo a gidan sarki ba. Sai da ya bi shi Fanisau, inda ya kafa sansani saboda wannan yaƙi.

Dabarar da Dabo da magadansa suka dogara da ita ita ce ribaɗi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Sarki zai zaɓi wuri a bakin iyaka ko a kan hanyar da mahara ke bi, a kewaye shi da ganuwa da gwalalo, a zuba mutane a ciki, a ba su gonaki. Mutanen nan da damina manoma ne, da rani mayaƙa. Matansu da 'ya'yansu da rumbunansu duk suna cikin ganuwar, saboda haka ba wanda zai ce aikinsa ya ƙare ya koma gida. Sun san kowace fadama da kowace duhuwa, sun san baƙon sawu. In an hango ƙura sai a buga ganga, na gona su kora dabbobi ciki, a rufe ƙofa, mai doki ya zabura birni da labari. A can kuma a buga kuge, hakimai su fito da barade da 'yan lifidi da 'yan baka, bayin sarki su fito da bindigogi. Manyan sarautu ma an ɗaure su da yankuna, shi ya sa har yau Sarkin Bai yake da alaƙa da Ɗambatta, Madaki kuma da Dawakin Tofa.

Kada a ɗauka zamanin daɗi ne. Rundunar da ke kare manomi ita ce dai mai sakin dawakai a gonarsa, kuma da yawa daga mazauna ribaɗi bayi ne da aka kamo daga wasu wurare. Yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895 ya rusa garuruwa da hannun 'yan gida. Kafin a farfaɗo, Damagarawa, waɗanda tun zamanin Sarki Tanimu suke ƙera igwa, suka kutso ta arewa ƙarƙashin Ahmadu Kuran Daga, aka gwabza a Gezawa, aka kuma gwabza a Tattarawa. Wannan shi ne karo na ƙarshe da wata runduna ta sauko daga arewa da nufin cin Kano.

Wadda ta ci ta daga kudu ta taso, kuma ita ce kakar rundunar da ake kira sojan Najeriya a yau.

Asalinta a Legas ne, a 1863, lokacin da wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Glover, ya tara mutum 18 'yan arewa, akasarinsu bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, ya ba su bindiga. Ana kiransu Hausawan Glover. Daga 1863 ɗin rundunar sojojin ƙasa ke lissafin shekarunta har gobe. Kamfanin Neja ya kafa tasa rundunar a 1886, sannan a 1897 aka ɗora wa Lugard aikin haɗa rundunar Afirka ta Yamma. Wani reshe nata ne, sojoji baƙar fata sama da 700 da Turawa 'yan tsiraru ƙarƙashin Kanar Morland, ya taso daga Zariya, ya fasa Bebeji, ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903 alhali Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Ganuwar Kano da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu ba ta yi wuni guda a gaban igwa ba. Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, Sakkwato ta faɗi a watan Maris, aka ƙarasa a Burmi a watan Yuli. Da mutanen Satiru suka yi tawaye a 1906, wannan rundunar ce aka tura ta shafe garin.

Nan gizo ke saƙar. Runduna ce da aka haifa don ta mallaki mutanen cikin gida, ta kuma tabbatar ba su ɗaga kai ba. Shi ya sa aka girke ta a barikoki a gefen manyan birane da tashoshin jirgin ƙasa, nesa da talakawa, kusa da Razdan. Ribaɗi ya mutu, ganuwar ƙauyuka ta zube aka nome ta, tsaron karkara ya koma hannun hakimi da dagaci da dogarai da 'yan doka. Manomin Kano kuma ya riƙe ra'ayinsa game da soja. Ko da yake Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta, yawancin masu sa kakin ba 'ya'yan manoman Kano ba ne. 'Yantattun bayi ne, da Zabarmawa, da mutanen tsakiyar Najeriya. Gidan da ke da gona da rumbu bai cika son ɗansa ya tafi soja ba.

Yaƙe-yaƙen duniya sun ɗan sauya wannan. An kai sojojin Najeriya Kamaru daga 1914 zuwa 1916, an kai su Afirka ta Gabas, sannan a yaƙi na biyu runduna ta 81 da ta 82 suka yaƙi Japan a dazuzzukan Bama. Sarakuna suka taya neman kurata, hakimai suka bi dagatai, Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya gano su. Filin jirgin saman Kano ya zama zango ga jiragen yaƙin da ake turawa daga Takoradi zuwa Masar. Mazan jiya suka dawo ƙauyuka da lambobi a ƙirji da labarin teku, wasu suka zama masinjoji da 'yan gadi da direbobi.

Da aka doshi mulkin kai, Sardauna da ministan tsaro Muhammadu Ribaɗu suka lura cewa ƙananan sojoji 'yan arewa ne amma hafsoshi 'yan kudu, sai suka shiga makarantu suna jan samari. A 1961 aka ware wa arewa rabin guraben hafsoshi. Inuwa Wada na Kano ya gaji Ribaɗu a 1965. An kafa sojan ruwa a 1956, na sama a 1964, a shekarar kuma aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna da masana'antar ƙera makamai. Abin da ya biyo baya sananne ne. Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, ramuwar 29 ga Yuli, kisan da ya biyo baya, wanda Kano ta ga nata mummunan kaso a watan Oktoba lokacin da sojojin bataliya ta 5 suka yi bore, sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba ta kumbura zuwa kusan 250,000. Kano ta ba da shugabannin ƙasa biyu masu kaki, Murtala Muhammad da Sani Abacha. In aka cire 1979 zuwa 1983 da 'yan watannin riƙon ƙwarya a 1993, soja ne ya mulki ƙasar daga 1966 har 1999, kuma ɗaya daga cikin ɓarnar wannan zamani ita ce yadda aka bar 'yan sanda suka lalace, don mai mulki da bindiga ba ya son wata bindigar ta yi ƙarfi kusa da shi.

A takarda aikin soja a fayyace yake. Sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce su kare ƙasa daga harin waje, su tsare iyakokinta ta ƙasa da ruwa da sama, su murƙushe tawaye, su kuma taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka idan shugaban ƙasa ya kira su. Ya ce kuma a ɗebi sojoji daga kowane sashe na ƙasa, abin da ya sa kowace jiha ke da gurbinta idan ana ɗaukar kurata. Saurayin Minjibir mai sha'awa zai je shagon kwamfuta ya cike fom ta intanet, ya karɓo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, a auna tsayinsa, a duba ƙafa da ido, a sa shi gudu. In ya tsallake sai wurin horo irin na Zariya, inda ake horar da kurata tun 1924, a yi masa aski ƙwal.

Umarni kuwa daga sama yake gangarowa. Shugaban ƙasa ne babban kwamanda, ƙarƙashinsa ministan tsaro da babban hafsan tsaro, sai manyan hafsoshin ƙasa da ruwa da sama. Sojojin ƙasa sun kasu manyan runduna, ciki har da ta 1 a Kaduna, ta 2 a Ibadan, ta 3 a Jos, ta 6 a Fatakwal, ta 7 a Maiduguri, ta 8 a Sakkwato, ta 81 a Legas, ta 82 a Inugu. Kano tana ƙarƙashin ta Kaduna, ta hannun Birged ta 3 mai hedikwata a barikin Bukavu, wanda ya samo sunansa daga wani gari a Kwango inda sojojin Najeriya suka yi aikin kiyaye zaman lafiya bayan 1960. Akwai kuma barikin Janguza a hanyar Gwarzo, da makarantar koyon tuƙin jiragen yaƙi ta sojojin sama. Birged na da bataliyoyi, bataliya na da kamfanoni, a haka har a sauko kan saje da kofur da 'yan sojojin da ke bayan motar sintiri a bakin wani ƙauye.

Abin lura a wannan jeri shi ne babu gwamna a ciki, balle shugaban ƙaramar hukuma ko hakimi. Ana yi wa gwamna kirari da shugaban tsaro na jiha, yana sayen motoci da babura, yana biyan alawus, amma ba zai iya ɗaga soja ɗaya daga wannan ƙauye zuwa wancan ba sai da yardar kwamanda.

In aka zo batun harin waje, tarihin gajere ne. An yi arangama da Chadi a tafkin Chadi a 1983. An yi zaman doya da manja da Kamaru a kan Bakassi, kotun duniya ta yanke hukunci a 2002, aka miƙa yankin a 2008. Sunan da sojan Najeriya ya yi a waje a ƙasashen wasu ya yi shi, Kwango da Laberiya daga 1990 da Saliyo da Darfur. Sauran duk aikin cikin gida ne. A Disambar 1980, da mabiya Maitatsine suka fi ƙarfin 'yan sanda a unguwar 'Yan Awaki ta Kano, soja aka kira, kuma alƙaluman hukuma sun ce mutum 4,177 suka mutu. Bayan hare-haren da aka kai wa birnin ranar 20 ga Janairun 2012 shingayen bincike suka cika Kano. Yau da wuya a sami jihar da soja ba ya aikin da a ƙa'ida na ɗan sanda ne, daga rundunar Haɗin Kai a arewa maso gabas zuwa ta Fansan Yamma a arewa maso yamma.

To me ya sa arewacin Kano ya daɗe bai ga abin da Zamfara da yammacin Katsina suka gani ba? Bariki ya taimaka, amma babban dalili shi ne ƙasar kanta. Ɗan bindiga na bukatar daji irin na Rugu, inda zai ɓoye shanu da mutanen da ya sace na tsawon watanni. Tsakanin Bichi da Ɗambatta ba inda za a ajiye saniya 50 ba tare da yaro mai yankan ciyawa ya gani ba. Dajin da jihar ke da shi, Falgore, yana can kudu, kuma an mayar da wani sashe nasa filin atisayen soja.

Babur ne ya karya wannan kariya. Mahara ba sa bukatar zama a ƙasar Kano. Su taso bayan isha'i daga tsallaken iyaka, uku-uku a kan babur, su bi burtali da hanyar gona, su shiga gari su kwashi shanu da mata, kafin asuba sun koma. Da damina gero da dawa sun fi tsayin mutum, abin da ke ba su rufin da daji ke bayarwa. Haka aka yi ta yi wa Faruruwa a Shanono da Biresawa a Tsanyawa, har wasu iyalai suka riƙa barin gidajensu da yamma suna kwana a manyan garuruwa. Mutanen yankin da dama na ganin sulhun da wasu ƙananan hukumomin Katsina suka yi da 'yan bindiga ne ya karkato da su gabas, tun da an ɗaure musu hannu a can ba a karɓe bindigogin ba.

Soja ya zo, kuma ya yi aiki. A farkon Nuwamban 2025 rundunar ta sanar da kashe 'yan bindiga 19 a wata arangama a Shanono, inda ita ma ta rasa sojoji 2. Ba ƙaramin abu ba ne saurayi ya baro garinsu mai nisa ya mutu a gonar mutanen da bai taɓa sani ba, kuma duk mai sukar soja ya kamata ya fara da tuna wannan. Amma yaƙi irin wannan ba a gama shi da karo ɗaya. Kamfanin soja zai iya riƙe gari biyu ko uku, alhali iyakar Kano da Katsina ta miƙe ta Gwarzo da Shanono da Tsanyawa har Kunci, kuma kowane burtali ƙofa ce. Motar sintiri tana bin hanyar da mota ke iya bi. Sojan da aka kawo daga nesa, wanda ƙila bayan wata shida za a ɗauke shi, bai san wane ne baƙo a kasuwa ba, bai san wa ke sayen burodi da fetur fiye da bukatar gidansa ba. Wannan sani yana wurin mai unguwa da mai shayi da ɗan acaɓa, su kuma ba za su buɗe baki ba sai sun tabbata wanda suka gaya wa zai nan gobe, kuma maganar ba za ta koma kunnen mahara ba. Abin da ribaɗi yake da shi ke nan wanda bariki ba shi da shi.

Akwai masu cewa a bar wa jirgin sama aikin. A daji mai faɗi wataƙila, amma a ƙasar da kowane taku akwai gida abin tsoro ne. Ranar 3 ga Disambar 2023 jirgi mara matuƙi na sojojin ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ce aƙalla mutum 85 suka rasu, rundunar kuma ta amsa cewa kuskurenta ne. 

Iyakar arewa ma ba ta daina zama abin dubawa ba, ko da yake yanzu Jigawa da Katsina ne ke tsakani. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yi barazanar tura soja, 'yan arewa daga sanatoci har malamai suka ƙi, domin hanyar Ɗambatta zuwa Kazaure zuwa Daura a Kwangwalam take ɓullewa, kuma dabbobin kasuwar Ɗambatta da hatsin Dawanau ba su san da zaman iyakar ba. Ba a yi yaƙin ba, amma an yi asarar amana, har Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi a 2025. Makaman da ke shigowa daga Sahel ta wannan iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500 suke bi, kuma tsare ta shi ne ainihin aikin da kundin tsarin mulki ya ba soja, aikin da yake raba hankali da shi yana gadin ƙauyuka.

Wasu jihohin arewa maso yamma sun fara laluben wani abu mai kama da tsohon tsari. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a Janairun 2024, duka daga 'ya'yan yankunan da abin ya shafa. Dabarar na da haɗarinta, don a Zamfara an ga yadda 'yan sa-kai marasa linzami suka mayar da rikici na ƙabilanci, suna kashe Bafillace don kawai Bafillace ne, abin da ya ƙara wa wutar mai. Arewacin Kano, inda manomi da makiyayi suke sallah a masallaci ɗaya kuma sarautun da yawa na Fulani ne, yana da abin da zai rasa fiye da kowa in aka bi wannan hanya ba tare da horo da hukunci ba.

'Yan sandan Najeriya ba su kai 400,000 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma ofishinsu na ƙaramar hukuma sau da yawa mota ɗaya gare shi. Kafin jiha ta mallaki nata 'yan sandan sai an gyara sashe na 214 na kundin tsarin mulki, da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da majalisun jihohi 24 cikin 36. Kafin nan, birged ɗin da ke gadin Faruruwa ita ce dai mai lura da Falgore, ita ake kira idan birni ya rikice, ita kuma za a jera a kan titi ranar zaɓe.